Riƙo a Hannu da Riƙo a Zuci

'Yan'uwana malamai na Batsari da Safana, da iyalanmu da ke karanta wannan mujalla idan mun kai ta gida.

Na roƙi wannan fili ne domin in yi magana a kan wata gajeruwar jimla ta Turanci mai kalmomi biyar: "Don't hold it against him." Na san wani zai ce, ga batun ƙarin girma da ya maƙale, ga azuzuwa babu rufi, ga makarantun ƙauye da har yau ba a koma cikinsu ba, amma Malam ya zo mana da darasin nahawu. Ina neman a yi mini uzuri zuwa ƙarshen maganar. Shekara 19 ke nan ina riƙe da alli tun da na karɓi takardar NCE, kuma ban taɓa koyar da jimlar da ta juyo ta tuhume ni kamar wannan ba.

Abin da ya faru a aji

A zangon karatu da ya wuce na shirya wa 'yan aji shida wani ɗan labari na auna fahimta, irin wanda suke haɗuwa da shi a jarrabawar shiga sakandare. Labarin wani yaro ne da aka ba kiwon akuyar maƙwabci, ya shagala da wasa har ta ɓace. Uwarsa ta je ban-haƙuri, ta faɗa wa mai akuyar waccan jimla. Na tambayi aji abin da uwar take nufi. Wani yaro mai ƙoƙari ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, cewa ta yi kada ya ɗauki akuyar ya jingina masa a jiki." Aji ya kwashe da dariya, domin akuyar ma ta riga ta ɓace. Ni ma na murmusa, amma da na sake tunani sai na ga yaron bai kauce wa komai ba daga abin da na koya masa. Ni ne na gaya masa cewa "hold" riƙewa ne, "it" shi ne ko ita, "against" kuwa jingine da abu ko adawa da shi. Tubalan da na ba shi ya jera, ginin ya ƙi tsayuwa.

Turawa suna da wani rukuni na aikatau da suke kira "phrasal verbs", wato aikatau da ke tafe da ɗan rakiya, ƙaramar kalma irin su "up" da "out" da "on" da "against". Idan suka haɗu sai su haifi wata ma'ana da ba a samunta ta hanyar fassara kowace kalma ita kaɗai. "Give" bayarwa ne, amma "give up" saduda ne. "Look" dubawa ne, amma "look after" kula da mutum ne ko rainonsa. A nan ne yaranmu suka fi faɗuwa, domin muna ba su jerin kalmomi ɗaiɗai su haddace, mu kuma ɗauka mun gama aiki.

Alhali kuwa ɗan Bahaushe ya fi kowa cancantar gane wannan sirri, domin harshensa cike yake da irinsa. Baturen da aka koya wa cewa "ci" shi ne kai loma baki, ina zai dosa idan ya ji an ci amana, an ci bashi, an ci jarrabawa, an ci mutunci, an ci gaba? Wanda ya san "sha" a ruwa da fura kawai, yaya zai yi da shan wahala da shan alwashi da shan iska? Duk wanda ya buɗe ƙamus ɗin Bargery na 1934 zai ga yadda ma'anoni suka jeru a ƙarƙashin waɗannan kalmomi biyu. Bugu da ƙari, waɗanda suka karanci Hausa a kwaleji za su tuna giredin aikatau guda bakwai da Parsons ya tsara a 1960. Mu ƙarshen aikatau muke sauyawa mu ce fita, fito, fitar. Bature kuwa sai ya ce "go out", "come out", "take out". Idan muka fara darasin daga abin da yaro ya riga ya mallaka a bakinsa, rabin aikin ya ƙare.

Yadda ake gina jimlar

Ma'anar "hold something against somebody" ita ce mutum ya ƙullaci wani saboda wani abu da ya wuce, ya bar abin ya ci gaba da rage masa daraja a idonsa, har ya shafi yadda yake mu'amala da shi. Da Hausa muna cewa ya riƙe shi a zuci, ko ya ƙullace shi, ko yana ganin baƙinsa.

Jimlar tana da gurabu huɗu da ba a sauya musu wuri: aikatau "hold", sai abin da aka riƙe, sai "against", sai mutumin da aka ƙullata. "She held his lateness against him," wato ta ƙullace shi saboda lattin da ya yi. Idan an riga an ambaci laifin, sai wakilin suna "it" ya tsaya a madadinsa: "I lost your pen. Please don't hold it against me." A shuɗaɗɗen lokaci "held" ake cewa, a gargaɗi yara kada su ce "holded". Kuma an fi jin ta a kore, wajen neman afuwa ko bayar da ita. "I won't hold it against you" daidai yake da faɗarmu, ba komai, ban riƙe ka ba.

Kuskuren da na fi gani a littattafan yarana shi ne "Don't hold me against." Dalilinsa a bayyane yake. Bahaushe mutumin yake riƙewa, ya ce kada ka riƙe ni a zuci. Turanci kuwa laifin yake riƙewa, sa'annan ya fuskantar da shi ga mai shi. Yaron da aka nuna wa wannan bambanci sau ɗaya, da misali daga harsunan biyu, da wuya ya sake kuskuren.

A sani kuma cewa ma'anar zahiri tana nan ba ta mutu ba. "The mother held the baby against her chest," uwa ce ta rungume jaririnta a ƙirji. Hanyar rarrabewa ita ce a dubi abin da aka riƙe. Idan abu ne mai taɓuwa, riƙo ne a hannu. Idan kuskure ne ko laifi ko wani hali, riƙo ne a zuci. A labarin da na ba yarana, "it" ɗin sakacin yaron yake nufi, akuyar ba ta cikin maganar.

Akwai wani abu na ƙarshe da nake so a riƙe da kyau, domin a kansa sauran maganata za ta hau. Ana iya ƙullatar mutum da wannan jimla a kan abin da bai aikata ba: shekarunsa, garinsu, ko aikin ubansa. "His father was a thief, but nobody holds it against him." Ubansa ne ɓarawo, amma ba wanda ya riƙe ɗan a zuci.

Maƙwabtanta uku

Akwai maganganu uku da ke zaune kusa da wannan, waɗanda ya kamata a koyar da su tare domin yaro ya ga iyakar kowace.

Ta farko ita ce "blame somebody for something", wato ɗora wa mutum laifi. Wannan hukunci ne na hankali a kan wanda ya jawo abu. Kana iya ganin laifin direba a kan haɗari, kuma ka yafe masa nan take. "I blame him, but I don't hold it against him" jimla ce ingantacciya: na san shi ya jawo, amma ban ƙullace shi ba.

Ta biyu ita ce "take it out on somebody", wato huce haushi a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Magabata sun riga Bature faɗa: haushin kaza, huce kan dami, an bar jaki ana dukan taiki.

Ta uku ita ce "hold somebody to account", wato a tsayar da mutum ya amsa tambaya a kan abin da aka damƙa masa ko abin da ya aikata. A lura cewa a nan mutumin ne ke biyo bayan "hold" kai tsaye. Shi ake riƙewa, a gaban jama'a ko gaban shari'a, har sai ya ba da bayani ko ya biya haƙƙi, daga nan a sake shi. Wannan riƙo yana da ranar ƙarewa. Wancan na zuci kuwa ba shi da alƙali, ba shi da wa'adi, kuma mai riƙon ne ke ɗauke da kayan dare da rana.

Tambayar da yarinya ta yi mini

Ba sai na faɗa wa mutumin Batsari ko Safana abin da zama a bakin Dajin Rugu ya zame mana a shekarun nan ba. Ba mu manta da Fabrairun 2020 ba, lokacin da aka kashe kimanin mutum 30 a Tsauwa da Dankar. Ba mu manta da Disambar wannan shekara ba, da aka kwashi ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, abin da ya sa kowane malami a yammacin Katsina ya fara kallon katangar makarantarsa da wani ido. Mun ga Satumbar 2021 da aka yanke layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da namu biyu. Mun ga azuzuwanmu na cikin gari sun zama masaukin 'yan gudun hijira. Sa'annan a 2025 muka ga an yi zaman sulhu a yankunanmu, hanyoyi suka ɗan buɗe, wasu suka koma gona, wasu iyalan da suka tarwatse suka fara dawowa.

Cikin waɗanda suka dawo har da wani yaro ɗan ruga, mai kimanin shekara 14, wanda ya ci gaba da karatu a inda suka yi hijira, aka kuwa kawo shi ajina. Ana raɗe-raɗin cewa wani baffansa yana cikin mutanen daji. Ban tabbatar ba, ba kuma wanda ya tabbatar mini. Abin da na gani da idona shi ne, a ajin da yara biyar ke matsuwa a bencin mutum uku, shi kaɗai ne yake da benci guda sukutum.

Bayan mun gama bayanin jimlar, na ce kowa ya ƙirƙiro tasa. Da na zo duba littafin wata yarinya, wadda aka kashe mahaifinta a gona shekaru kaɗan da suka wuce, sai na tarar ta rubuta: "I hold it against them." Ta ɗago kai ta ce, "Malam, dole ne sai an sa don't?" Na ce mata, "A'a 'yata, nahawu bai wajabta ba, jimlarki daidai take." Na ba ta cikakken maki, domin ta cancance shi. Sai na tambaye ta su wane ne "them". Ba ta amsa ba. Ta juya ta dubi bencin da mutum ɗaya ke kai.

Da a ce a nan labarin ya tsaya, da na zo muku da wa'azi a kan yara. Amma a daren nan na yi wa kaina hisabi. Ni ma an taɓa ɗauke ƙanena, sai da muka sayar da gonar gado da shanun noma kafin ya dawo, kuma har yau ba ya iya kwana a ɗaki shi kaɗai. Na ƙirga, na ga mako uku ke nan ban kira sunan yaron nan ya amsa tambaya ba, ko da ya ɗaga hannu. Littafinsa ne nake dubawa a ƙarshe, kuma jan birona ya fi kaifi a kansa. Ban taɓa zaginsa ba, ban taɓa dukansa ba, amma yara sun karanci fuskata sun gane abin da aka halatta musu. Ni ne na fara ware bencin nan, su cikawa kawai suka yi.

Matsayina

Ra'ayina, wanda nake neman reshe ya duba, shi ne wannan: muna da haƙƙi, har ma da wajibi, mu nemi a tsayar da duk wanda ya zubar da jini ko ya yi sakaci da amanar tsaro ya amsa tambaya, amma malami ba shi da haƙƙin ƙullatar yaron da ke cikin rajistarsa a kan abin da wani babba ya aikata. Dalilaina uku ne.

Na farko, adalci. Addininmu ya koyar da mu cewa ba wanda ke ɗaukar nauyin laifin wani, kuma dokar ƙasa ma a kan haka take. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta, ba ta ware ɗan wane ko jikan wane ba. Yaro ɗan shekara 14 a yau, yana da shekara takwas ko tara lokacin da aka ƙona Tsauwa. Wannan ma'auni kuma ba ɗan ruga kaɗai ya shafa ba. A azuzuwanmu akwai ɗan wanda ake zargi da kai rahoto daji, akwai ɗan ɗan-sa-kai da ake zargi da kisan wanda bai ji ba bai gani ba, akwai yarinyar da ta dawo daga hannun masu garkuwa ana nuna ta da baki. Akwai kuma 'ya'yan Fulanin da aka kore wa shanu aka bar su da sanda, waɗanda suka sha wuya daga ɓangarori biyu. Idan muka buɗe ƙofar riƙo, babu wanda zai tsira.

Na biyu, maslahar kanmu. Kowa a nan ya san cewa mafi yawan samarin da suka ɗauki bindiga ba su taɓa zama a gaban allo ba. Tun 1989 aka kafa hukumar ilimin makiyaya ta ƙasa domin a toshe wannan giɓi, amma har yau giɓin yana nan. Yaron ruga da ya tako da ƙafarsa ya zo aji ya yi abin da aka shafe shekaru sama da 30 ana roƙon iyayensa su bari ya yi. Idan muka kore shi da kallo da shiru da benci na daban, to mun san inda zai samu masu maraba da shi, kuma mu ne za mu fara jin sakamakon.

Na uku, lafiyar zuciyar maraya. Yarinyar nan da ta rubuta jimlarta ba tare da korewa ba tana da gaskiya a baƙin cikinta, kuma ba wanda ya isa ya umarce ta ta yafe jinin mahaifinta. Amma idan na bar ta ta ɗora wannan "them" a kan yaron da ke gefenta, na ba ta kayan da za ta ɗauka kullum daga ƙarfe takwas zuwa tashi, ba tare da ya dawo mata da komai ba. Aikina shi ne in taimaka mata ta san sunan wanda take tuhuma, da ƙofar da ake kai tuhuma.

Abin da za a ce mini

Wani zai ce wanda bai sha ba shi ke kiran a yafe. Na riga na faɗi abin da gidanmu ya sha, kuma ban kira kowa ya yafe wa makasa ba. Yafiya haƙƙin wanda aka zalunta ne, in ya so ya bayar, in ya so ya riƙe har gaban Allah. Sulhun da ya tsallake gaskiya da diyya ma, ni ina da shakku a kansa, domin mun ga wanda aka ƙulla a 2019 zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, bai daɗe ba ya rushe. A Afirka ta Kudu, hukumar bin gaskiya da sasantawa da Desmond Tutu ya jagoranta, wadda ta fara sauraron shaidu a 1996, ba ta yi afuwa kyauta ba. Sharaɗinta shi ne mai laifi ya fito da kansa ya faɗi cikakken abin da ya aikata, kuma mafi yawan waɗanda suka nemi afuwar ba su samu ba. Wannan shi ne tsayar da mutum ya amsa tambaya. Masu laifin aka kira gaban hukumar, ba a kira 'ya'yansu ba.

Wani kuma zai ce batun tsaro ne, domin yaro yana iya kai labari gida. Wannan tsoro ne na gaske, ban raina shi ba. Sai dai taka-tsantsan daban, ƙiyayya daban. Idan malami ya ga wani abu takamaimai da ya tayar masa da hankali, ya kai wa shugaban makaranta, a sanar da kwamitin gudanar da makaranta da mai gari da jami'an da abin ya shafa. Rage wa yaro maki ko ƙin kiran sunansa ba ya tsare katangar kowa. Hasali ma, yaron da ke da abokai a aji ya fi zama garkuwa ga makarantar a kan wanda aka mayar saniyar ware.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a taro ba, amma mun san shi. Malamin da haƙƙinsa ya yi jinkiri, wanda ya baro gida babu cefane, ya hau babur ɗin haya ya bi hanyar da yake tsoro, ya tarar da yara 90 a aji, sau da yawa bulalarsa kan yi nauyi a ranar. Wannan ita ce "take it out on" ɗin da muka fassara a sama, kuma yaron da ba shi da mai tsaya masa shi ne taikin da aka fi duka. Laifi tudu ne, sai ka taka naka ka hango na wani. Ƙungiyarmu da aka kafa tun 1931 an kafa ta ne domin haushinmu ya samu ƙofar da ta dace, a rubuta ƙorafi, a zauna da masu alhaki, a bi sawu har a biya. Duk haushin da muka sauke a kan yaro, mun rage shi ne daga ƙarfin da za mu tunkari mai alhakin da shi.

Shawarwari ga reshe

Na farko, malaman Turanci na aji huɗu zuwa shida mu daina koyar da irin waɗannan aikatau kalma-kalma. A ɗauki uku ko huɗu a mako, a rubuta kowane a cikin cikakkiyar jimla, a sa takwaransa na Hausa a gefe, a bar yara su ƙirƙiro nasu misalan. Ina ba da shawarar reshe ya tattara jerin guda ɗari daga wurin mambobi, a buga a takarda ɗaya ko biyu, a raba wa makarantu. Ƙamus ɗin Turanci da Hausa na Neil Skinner da na Roxana Ma Newman na 1990 za su taimaka wa duk wanda aka ɗora wa aikin.

Na biyu, a taronmu na gaba mu amince a tsakaninmu cewa malami ne zai riƙa tsara zaman benci, bisa tsawo ko jerin rajista, domin kada yara su ware wani.

Na uku, kowannenmu ya gwada abin da na gwada: ya sa ɗigo a gefen sunan duk yaron da ya kira ya amsa tambaya, na tsawon mako biyu, sa'annan ya duba sunayen da babu ɗigo ya tambayi kansa dalili.

Na huɗu, reshe ya ware lokaci ga mambobin da aka kashe musu ko aka ɗauke musu wani, su zauna su yi magana da juna, tare da dattawan malamai da suka yi ritaya. Wanda bai sami inda zai sauke kayansa ba, a aji zai sauke.

Washegarin ranar da na ba da labari na sake tsarin zama, na kira yaron nan ya fito allo ya warware lissafi, ya kuwa warware shi tun kafin in gama share hannuna daga ƙurar alli. Ba zan ce komai ya gyaru ba. Yarinyar har yanzu ba ta yi masa magana, ni kuma ban tilasta mata ba. Amma yanzu mutum huɗu ne a bencinsa, kuma na ga ana jefa masa ƙwallo lokacin tara.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, Ya dawo mana da zaman lafiya mai ɗorewa a ƙasar Ruma da Safana da Katsina baki ɗaya. Ya kuma ba mu ikon riƙe amanar 'ya'yan mutane da aka damƙa mana. Amin.